Shekarar da Na Kusa Sakin Fadamata

Shekara huɗu na yi ina fama da ciwon baya, nan ƙasa wajen ƙugu. Manomin albasa kuwa a duƙe yake neman abincinsa. Na sha jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi mini ƙaho har babu sauran wurin tsagawa, duk a banza. Har na yanke shawara idan lokacin dashe ya zo zan sakar wa ƙanena fadamar da na gada a Dandin Mahe. Abin yana cina ƙwarai, don ban san me zan zama ba idan babu ita.

Taubashina, mai tuƙa keke mai ƙafa uku a Bodinga, shi ya kawo labari cewa wasu likitoci sun sauka suna gwajin maganin mutanen Sin. Allurai ake kafa wa mutum a baya, ba ruwan magani a ciki, kuma masu ciwo mai tsanani kaɗai suke ɗauka. Ya loda ni kamar buhun gero muka tafi.

Wata malamar asibiti, sa'ar 'yata, ita ke tantance mutane. Ta ce, "Baba, yaya jikin?"

Na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Yana hana ka aiki?"

"A'a, mun gode Allah."

To me zan ce? Haka muka tashi. Mahaifina yana kan gadon ajali ana tambayarsa yana cewa da sauƙi. Yarinyar nan kuwa duk abin da na faɗa rubutawa take yi. Ta rufe takarda ta ce, "To Baba, sai dai haƙuri, wannan na waɗanda suka fi ka jin jiki ne."

Gabana ya faɗi. Sai taubashina ya zabura daga bakin ƙofa. "Malama, kak ki biye mai! Wanga mutum jiya da rarrahe yat tahi alwala. Shekara biyu zamne shika salla. Hwaɗa mata gaskiya mana, sarkin 'yan ƙarya!"

Da wani ne da mun kwashi 'yan kallo, amma taubashi ba a fushi da shi. Malamar ta danne dariya, ta zana layi daga ɗaya zuwa goma, ta ce in nuna inda tsananin ciwon ya kai. Na daɗe ina kallon layin, ina jin kamar ƙarar Ubangijina zan kai. Na ɗora yatsa kan takwas, gumi na keto mini. Ta ce, "Baba, faɗin ciwo ga mai magani ba butulci ba ne."

Da aka ɗauke ni, likitocin sun bayyana mana cewa ƙuri'a za a yi: wasu a kafa musu alluran gaske, wasu a taɓa fata kawai, kuma ba wanda za a gaya wa rabonsa. Na yarda. Sau biyu a mako nake kwanciya rub da ciki, wani likita yana aiki a bayana, ina jin ɗan tsikari kamar cizon tururuwa. Kullum kafin in fita sai an miƙo layin nan, ni kuma na koyi nuna gaskiya. Bakwai. Wani makon ya koma takwas, na faɗa. Daga baya biyar, sai uku, a nan ya tsaya.

Har yau ban san ɓangaren da na faɗa ba, kuma ban ce na warke sarai ba. Idan na wuce gona da iri yakan tuna mini yana nan. Amma ranar da na yi ruku'u na ɗago ba tare da dafa bango ba, sai da na yi hawaye don daɗi.

Da lokacin dashe ya zo, ƙanena ya biyo ni fadama da hantsi don mu ƙarasa maganar sakin fadamar da muka fara. Ya tarar da ni duƙe cikin fangali, laka har gwiwar hannu, na riga na dasa layi shida. Ya tsaya ya kalle ni. Bai tayar da maganar ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya ce, "Yaya, miƙo min rabin irin."