Katin da Muke Kira Huruj

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Malaz a birnin Riyad, ni da abokina muka haukace da wasan kati, irin wanda ake tara dodanni a gwabza su a kan tebur. Wani ɗan Filifin a unguwar Batha ne ya koya mana. Mahaifiyata har ta gaji da faɗa, wai ƙatti da gemunsu sun zauna suna yi wa takarda hidima.

Abokina bai iya wasan ba, gaskiya. Kullum ni ke cin sa, ni kuma ba na iya cin mutum in yi shiru. Amma yana da wani jan dodo mai fukafukai da ya yi wata da watanni yana musayar katuna kafin ya samu. A leda biyu yake ajiye shi. Burinsa bai wuce ya ci ni da dodon nan ko sau ɗaya ba.

Ni kuwa ina da maganinsa. A wasan, dodon da aka kashe ana iya tayar da shi, amma akwai katin da ke fitar da dodo daga wasan gaba ɗaya, babu dawowa. Muka sa masa suna huruj, wato huruj niha'i, bizar fita ta ƙarshe da ake buga wa baƙo idan zamansa ya ƙare. Duk wanda ya jefa shi sai ya daki tebur kamar mai buga hatimi, a yi ta dariya.

To a lokacin kafilin mahaifinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya ƙi sabunta musu igama, takardar izinin zama. Na sani sarai, don a gabana iyayena suka yi maganar.

Wata Juma'a bayan la'asar ya zo gidanmu shiru-shiru, ko shayi ya ƙi sha, ya ce mu buga ɗaya kawai. Ranar wasa ya yi masa kyau kamar ba shi ba. Ya sauke dodon, saura zagaye ɗaya ya gama da ni.

Huruj na hannuna. Wallahi sai da zuciyata ta ce in riƙe shi, babu wanda zai sani. Amma ina, son cin nan nawa. Na daki tebur na ce, "Huruj niha'i, ya habibi! Tattara kayanka."

Bai yi dariya ba. Ya kalli katin ya ce, "Ai jiya aka buga mana. Talata za mu tafi."

Ashe ya so ne ya ci ni tukuna, sannan ya faɗa mini. Na shiga kame-kame, na ce na janye, mu sake. Ya ce katin da ya taɓa tebur ba a ɗauke shi, ai ni na kafa dokar. Ya tattara sauran katunansa, ya bar dodon a gefe inda na fitar da shi. Na ce masa ya yi mantuwa. Ya ce in riƙe, a Damagaram da wa zai buga? Garin iyayensa ne, amma shi a Riyad aka haife shi, bai taɓa ganin sa ba.

Muna gaisawa a waya duk sallah. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma duk sanda na yi niyyar ba shi haƙuri sai kunya ta hana ni, in koma tambayar yara. Abin yana ci mini rai har yanzu, don ba rashin sani ba ne. Na san halin da gidansu ke ciki, bakina ne kawai ya riga hankalina.

Na daina wasan tuntuni, na rabar da katunana duka. Dodon ne kaɗai ya rage, yana nan cikin ledarsa biyu. Har yau bai taɓa cin wasa ko ɗaya ba.