Kyamarar da Ba Kati a Ciki

Shekara takwas na yi ina ɗaukar fim a Kano kafin na zo Manchester karatu, amma da jami'a ta tura ni koyon aiki wurin wasu masu shirya fim, sai suka miƙo min ƙaramar kyamara suka ce in riƙa ɗaukar 'yan kallo. Ni! Na haɗiye, don ina son su kira ni a aiki na gaba. Wani tsohon fim ɗin barkwanci na circus suke sake yi, irin na masu tafiya kan igiya da wawaye masu jan hanci, sun kafa ƙaton tanti a wani fili kusa da Old Trafford.

Suna neman mutanen da za su cika kujeru, na saka sanarwa a group ɗinmu na 'yan Arewa na waya. Washegari wani dattijo ya sauko daga motar Birmingham da babbar riga da hula. Ina ganin tafiyarsa na gane shi. Muna yara, idan ya fito a diramar talabijin, har masu shayi barin tukunya suke. Yanzu gadi yake yi a wani rukunin kantuna a unguwar Perry Barr, can Birmingham.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Ɗana, ka san ni ashe? To 'yata ba ta san ni ba. A nan aka haife ta. Kasa-kasan diramarmu na can gida duk sun lalace, ko ɗaya ban samu ba. In na ce mata ni ɗan wasa ne, sai ta yi min irin murmushin da ake yi wa marar lafiya. Sau ɗaya nake so ta gan ni da idonta."

Na ce, "Baba, kujera kawai za a ba ka fa."

Ya ce, "Kujerar ta isa."

Na san abin da yake nufi. A zamaninsu ba a rubuta wa ɗan wasa magana. Darakta zai faɗi labarin, kowa ya shiga ya cika da bakinsa, wanda ya fi ba da dariya shi ake bari. A nan kuwa ɗan cika kujera kamar kujerar yake. Tafi ma na ƙarya ake yi, hannu ba ya taɓa hannu, don kada ya ɓata sauti.

Aka fara ɗauka. Babban wawan fim ɗin, wani Bature mai ji da kansa, ya zame ya faɗi. Sai Baba ya miƙe daga layi na uku, ya dafe hula, ya zabga salati, ya haura kan mutane wai zai kai ɗauki. Darakta ya tsayar. Aka yi masa bayani. Aka sake, ya sake, wannan karon har da cire takalmi. Mataimakin darakta ya juyo kaina fuska ja wur, ya ce wannan kawun nawa ne, in san yadda zan yi da shi. Duk tantin aka kwashe da dariya. Wallahi kunya ta kama ni, kuma haushin tsohon na ji, ba nasu ba.

Da aka tashi cin abincin rana, babban wawan ya kira ni gefe. Ya ce a ba kawuna fitowarsa shi kaɗai, ya huce ya bar mutane su yi aiki. Ya kashe min ido, ya ce ba sai an ɓata kati ba. Na gane. Ni da hannuna na zare katin da ke ajiye hoto daga kyamarar na sa a aljihu. Ba wanda ya tilasta ni.

Mai kwalliya ta shafe masa fuska da fari, ta manna masa jan hanci. Aka cire masa babbar riga aka sa masa wando mai faɗin buhu. Yana ta cewa, "Ka gani ko, ɗana? Mai ido ya gane." Aka ce ya shigo da tsani, ya yi tuntuɓe, a sheƙa masa bokitin ruwa. Lokacin sanyi ne, ruwan daga famfon waje aka taro.

Abin da ke ci na har yau, ya iya. Yadda ya tsaya yana kallon tsanin kamar surukinsa ne, yadda ya jinkirta faɗuwar sai da kowa ya saki jiki. Mutumin da ya kusa saba'in, ya faɗi kamar ba ƙashi a jikinsa. Baturen nan bai kai rabinsa ba, kuma ya sani, shi ya sa ya ce a sake. Aka sake. Ya ce haske bai yi ba. Aka sake. Sau huɗu ana sheƙa wa tsohon nan ruwa, suna riƙe da faranti suna cin abinci suna dariya, ni ina bayan kyamara ina ɗaga masa babban yatsa. An hana shiga da waya wurin ɗauka, don haka ko a waya ba wanda ya ɗauka.

Ya zo yana karkarwa, farin yana zuba a gemunsa.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Baba."

Da rana ta yi sanyi ya koma kujerarsa ya zauna lafiya lau, yana tafin ƙarya. Mataimakin darakta ya dafa kafaɗata ya ce na iya aiki. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi.

Kusan shekara fim ɗin bai fito ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya kira ni. Ina zaune a flat ɗina a Whalley Range in ga sunansa, in ce yau zan faɗa masa, in ɗauka in ce ana nan ana haɗawa. Ragon banza, abin da nake kenan.

Da ya fito, ya sayi tikiti uku na ranar Asabar da azahar a wani silima a Birmingham: shi, da 'yarsa, da ni. Na hau jirgin ƙasa da niyyar in tare shi a bakin ƙofa. Na same shi cikin sabuwar shadda, 'yar tana gefensa da kayan aikin asibiti, ta ɗauki hutun rabin yini. Ya gabatar da ni a matsayin wanda ya ɗauke shi. Haka na bi su muka shiga, ban faɗa masa ba.

Duk lokacin da aka nuno tantin sai ya taɓa hannunta ya ce yanzu ne. Ko a cikin 'yan kallo bai fito ba, an yanke ɓangarensu saboda tashin da ya riƙa yi. Aka gama, sunaye suka wuce, aka kunna fitila, mai shara ya shigo. Bai motsa ba.

A waje 'yar ta gyara masa wuyan riga ta ce da Turancin Birmingham ba komai, Dad, fim ɗin ma ya yi daɗi. Ta tafi biyan kuɗin fakin. Ya juyo gare ni.

"Na san sana'ar, ana yankewa. Amma abin da aka yanke ba a zubarwa. Ka roƙar min su, ko minti ɗaya ne, a tura mata a waya."

Na ce, "Baba, babu. Ba kati a kyamarar."

"Ya ɓata?"

"Ni na cire. Tun kafin a fara."

Ya daɗe yana kallona. Na so ya zage ni, ko ya mare ni a gaban Turawan nan. Bai yi ba.

"Sau huɗun duka?"

"Duka."

"Amma kai ka gani."

"Na gani, Baba."

"To ga ta nan zuwa. Faɗa mata."

Na faɗa mata. Da duk Turancin da na mallaka na ce mahaifinta babban ɗan wasa ne, na ce garinmu kan tsaya cak idan ya fito, na ce a tantin nan ya fi kowa. Wannan karon gaskiya zalla na faɗa. Ta saurara har ƙarshe. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce min na kyauta ƙwarai da nake kula da tsofaffi haka, ba kowa zai yi ba.

Baba yana jin Turanci sarai. Ya ce mata su tafi, yana da aikin safe gobe.