Ciyawar Kawu Dewey

Shekara ashirin da biyu ina karɓar tikiti a ƙofar arewa ta filin ƙwallon kwalejin garinmu, a tsaunukan Tennessee. Tun kafin in zo, Dewey Cantrell ne mai kula da ciyawar. Duk garin Kawu muke ce masa.

Mahaifinsa yana cikin leburorin da suka zuba simintin filin bayan yaƙin duniya. Shi kuma ya shiga aikin yana ɗan shekara sha tara, bai sake yin wani ba. Ranar Asabar ta kaka, tun hantsi hayaƙin gashin nama yake rufe wurin ajiye motoci, makaɗan kwaleji su shigo da ganguna, mutum dubu tara su yi ta buga ƙafa har benci ya riƙa rawa. Kawu ba ya kallon wasan. Ƙafafun 'yan wasa yake bi da ido, yana tsaki.

"Kawu, mun ci fa!" in ce masa.

"Kun ci, Loretta. Ni kuma sun yi mini noma a tsakiyar fili."

Akwai abin da hukumar kwaleji ta hana, shi kuma yake yi. Idan tsohon ɗan wasa ya mutu aka ƙone gawarsa, iyalinsa sukan zo da tokar don su zuba a filin. Kawu ya buɗe musu ƙofa ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ya cire hula, ya juya baya. Da matarsa Verna ta rasu, wadda ta yi shekara talatin tana kawo masa abincin rana a filin, ya zuba tata tokar a gindin raga ta arewa. Ni da 'yarsu Jolene kaɗai muka raka shi.

Bayan shekara shida kwaleji ta yanke shawarar shimfiɗa ciyawar roba. Kawu bai yi gardama ba. Ya je wurin shugaban ma'aikata ya roƙi abu ɗaya: a bar shi ya kwashi ƙasar gindin ragar kafin a fara. Aka ce ya zo ranar Alhamis.

Motocin haƙa suka iso ranar Talata, yana asibiti ana yi masa aikin ido. Na kira gidansa, ba kowa. Na tsaya gaban direban motar farko ina ɗaga hannu, ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, matsa, ni aiki aka ba ni."

Ranar Alhamis Kawu ya zo da shebur da buhu uku, ido ɗaya a ɗaure. Tsakuwa ya tarar.

"Ina suka kai ta?"

Na kai shi a motata. An juye ƙasar a wani kwari bayan gari, an haɗa da ta wasu wurare, an daddaɓe. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar da buhunan cikin mota, ya ce, "Mu tafi, rana tana damun idon."

Bai sake taka filin ba. Duk Asabar ɗin wasa sai ya tafi kamun kifi can nesa, inda ganguna ba sa kaiwa. Ya rasu cikin sanyin Fabrairu. Jolene ta ce wasiyyarsa guda ce: kada a ƙone shi. Muka binne shi a bayan cocinsu, mu goma sha ɗaya, ana yayyafi.