Baba Sale ya tafi, aikin yana ɗaure a kan injin

Yau da safe ina cikin sa takalmi aka kira ni: Baba Sale ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a ƙofar gidansa a Makera, shi ke nan.

Mun kai shi makwancinsa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai shagon da nake aiki a Kakuri. Shi ya koya mini injin milin, mai yankan ƙarfe, bayan an rufe masaƙarmu, lokacin ko kunna shi ban iya ba. Bai taɓa yi mini tsawa a gaban kwastoma ba. In na ɓata ƙarfe sai ya ce, "Ajiye, zai yi wani amfanin."

Shekaranjiya na kusa rasa ido. Ina yanka tsaga a farantin alminiyam, garaje ya sa na nutsa kota, wato wuƙar injin, da zurfi a tafiya ɗaya. Ƙarar ta canja, ban kula ba. Alminiyam ya yi zafi ya liƙe wa haƙoranta, ta karye, guntun ya wuce ta gefen girata ya bugi bango.

Jiya na kasa taɓa injin. Baba ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Malam Habu, zurfi kada ya wuce rabin kaurin kota. Bar ta ta juya da sauri, ka ɗiga kananzir, ka share ɓarɓashi da buroshi, ba da yatsa ba."

Na kunna, na fara turawa a hankali kamar mai tafiya a kan santsi. Sai ya kashe injin.

"Wannan ma karyewa za ta yi. In kana jan hannu, goga take yi ba yanka ba, zafi ya taru. Tsoro ma yana karya kota. Je ka huta, gobe mu yi tare, hannuna a kan naka."

Yau ce goben.

Farantin yana nan ɗaure, tsagar ta tsaya a rabi. Na injin wani mai gidan burodi ne a Unguwar Mu'azu, aikinsa ya tsaya cak, kuma duk shagon ni kaɗai na rage mai taɓa milin. Wallahi tsoro nake ji. Ban taɓa yanka ba sai kunnen Baba yana kusa. Daga bakin ƙofa yake jin kota ta fara wahala.

Allah ya jiƙan Baba Sale, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Ni ma ku sa ni. Bayan sadakar uku zan kunna injin ni kaɗai. Ku roƙa mini kada hannuna ya yi garaje, kada kuma ya ja baya.