Katin Asibiti Ba Turmi Ba Ne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hajiya Rabi, nas ɗin da mutanen Faskari suka sani da tauri a kan abu ɗaya: katin asibiti. A wajenmu kati kamar turmi yake, ta kan katanga ake aronsa. Ita kuwa ta ce mutum ɗaya, kati ɗaya.

Ni ma ban tsira ba. Ina sabon malamin makaranta na kai matata awo da katin mahaifiyarmu, don kada mu bi layin yankar sabo. Yaya ta duba katin, ta dubi matar, ta ce, "Malam, takarda ta ce shekararta saba'in, ga kuma cikin wata bakwai. A kira 'yan jarida ne?" Da dariya ta lafa sai ta zaunar da ni. Ta ce a kati ake rubuta irin jinin mutum da maganin da jikinsa ba ya karɓa, kuma nas ɗin da ta rubuta ƙarya da saninta, ita alƙali zai nema, ba mai aro ba.

A watan jiya Asabe, matar maƙwabcina Malam Sule, ta je wani asibitin kuɗi a Ƙanƙara da katin ƙanwar mijinta. Akwai allurar da jikin Asabe ba ya karɓa, an rubuta a nata katin da ya ɓace tun tuni. Ba ta ɓoye cewa na aro ne ba. Nas ɗin wurin ta ce, "Ai duk gida ɗaya ne, Hajiya, juya." Ba tambaya, ba komai, ta yi mata allurar. Kafin Asabe ta gyara zani fuskarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe. A bayan babur aka ruga da ita babban asibiti, da kyar aka ceto ta.

Kuskure kowa na yi. Abin da har yau ya tsaya mini a rai shi ne, washegari nas ɗin ta aiko a roƙi iyalin, in an tambaya su ce mai katin ce aka yi wa allurar. Wato a rubuta wa lafiyayya ciwon da ba ta da shi, ita kuma Asabe a bar ta ba a rubuta nata ba, ta jira allura ta gaba. Da Yaya na da rai, ban san wanda za ta fara kamawa ba, nas ɗin ko mu da muka yi shiru.

Malam Sule ya ce ƙaddara ce. Na ce haka ne, amma ƙaddara ba ta hana rubuta takarda.

Yaya ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar na gona ba. Ta bar mini rashin iya kawar da kai. Jiya na raka Malam Sule da Asabe wurin hukuma muka kai koke. Magatakarda ya ɗaga biro ya ce, "Sunan majinyaciya?" Malam Sule ya buɗe baki, Asabe ta riga shi, ta faɗi sunanta da kanta.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa aikinta ya bi ta.