Baba Tsaya-haka da Kyamarar da Ba Ta Tari

Ɓarawon da ya fasa ɗaki ya ɗauke akwati ya fi Gamagama mutunci, domin shi kaya ya ɗauka ya bar mutane da ransu. Gamagama kuwa shugaban aiki ne a ginin wata makaranta mai hawa biyu. Ya sa aka zare rodi daga rufin ajin da yara za su zauna a ƙarƙashinsa, ya sa aka lulluɓe wurin da kankare, sannan ya wanke hannu ya tafi gida ya ci abincinsa. Ba dominsa aka yi wannan rubutu ba, bai kai ba. An yi shi ne domin mutumin da ya zame masa ƙashin kifi a maƙogwaro, mai ɗaukar hoto na ofishin duba gine-gine, wanda ya ajiye aiki a ƙarshen watan jiya bayan shekara talatin da ɗaya. Kowa Baba Tsaya-haka yake ce masa, saboda ko bango zai ɗauka sai ya ɗaga hannu ya ce masa, "Tsaya haka."

Kowace safiya, kafin ya sa takalmi, yakan zauna a ɗan teburin da ke bakin taga ya shimfiɗa farin hankici. A kai zai ɗora kyamara, ya hure gilashinta, ya goge a hankali kamar mai share wa jariri ido. Daga nan ya jera batura uku, kowanne da lambar da ya rubuta masa. Matarsa takan tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon ikon Allah.

"Da ni ake gogewa haka kullum, da har yau in mun fita sai a ce 'yarka ce," in ji ta.

"Ke ai ba ki da matsala, uwar yara. Shekara talatin da biyar batirinki bai taɓa mutuwa ba."

Aikinsa ba na ɗaukar masu kwalliya ba ne. Ramin tushen gini yake ɗauka, da ginshiƙi, da rodin da aka ɗaure kafin a zuba kankare. Abin da kankare ya rufe ido ba ya sake ganinsa, don haka hoton Baba shi ne shaidar da ofis ke dubawa kafin a sa hannu a ce gini ya yi. Birkiloli sun shaide shi da abu guda: ba ya ɗaukar bango ta ɓangaren da ya fi kyau. Inda ya tsage, nan zai tsuguna. An sha ce masa, "Baba, matso nan, haske ya fi." Yakan ce, "Haske ya fi, amma tsagar tana can." Leburori kuma sun shaide shi da wani abu. In ya gama na ofis yakan ɗauke su da gumi da kwanon kankare a ka, wani makon ya kawo musu a takarda. Akwai wani dattijon lebura da ya rasu, iyalinsa suka duba ba su da hotonsa ko ɗaya sai wanda Baba ya ba shi.

Shekara ashirin da shida yana rataye da manyan kyamarori, irin masu nauyin bulo. A cikin irin wannan kyamara akwai ɗan madubi da ke tashi ya koma duk sa'ad da aka danna, shi ke yin ƙarar nan ta "ƙaras". Masu gini suka sa wa ƙarar suna tari. Da sun ji ta yi tari, sun san an ɗauka. Nauyin ya ci masa kafaɗa har hannun dama ya daina ɗaguwa sosai. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta gaji da shafa masa magani, ta sayo masa wata ƙarama marar madubi, wadda tafin hannu ke rufewa.

Ranar da ya fara zuwa ofis da ita direba ya dube shi ya ce, "Baba, yau sabulun wanka ka ratayo?"

"Sabulu ne. Masu dauɗa za mu wanke."

Bai yabe ta da wuri ba, don ba halinsa ba ne. Sai da ya yi wata uku yana gwada ta sannan ya yarda tana da abin yabo. Ba ta da nauyi, yana hawa tsani da hannu biyu tana kwance a ƙirjinsa. Abin da ya gani in ya leƙa shi ne zai fito, ba sai ya yi canke ba, ko da a duhun ƙarƙashin katakon rufi ne. Allonta na baya yana karkatowa, yana iya ɗauka tana daidai cibiyarsa ba tare da ya kai ta ido ba. Kuma da yake ba madubin da zai tashi, in ya so sai ya kashe mata murya gaba ɗaya.

Aibinta ma bai ɓoye wa 'yar tasa ba, duk da kyauta ce. Ya ce mata tana shan batir kamar raƙumi ya samu rijiya, wanda babbar kan yi kwana biyu da shi wannan kafin azahar ta shanye. Maɓallanta ƙanana ne, yatsunsa kuma manya, ya nufi ɗaya ya danna biyu. In rana ta dake ta sai jikinta ya yi zafi ta ƙi aiki. Wanda ya fi damunsa shi ne, da ka cire gilashin gaba don ka canza wani, ɗan farantin da hoto ke sauka a kansa yana nan a fili, ɗaki ne ba labule. Ƙwayar ƙura ɗaya ta faɗa kai, duk hoton da ka ɗauka za ta fito a wuri guda har sai an goge.

"To in mayar musu, Baba?" ta tambaye shi.

"A'a. Wanda ka san aibinsa shi ake zama da shi lafiya."

Saura wata takwas ya ajiye aiki aka tura shi makarantar nan, ranar da za a zuba rufin hawa na farko. Gamagama ya tarbe shi da fara'a. Ya samo sunan ne daga bakinsa, don ba ya buɗe shi sai da "a gama, a gama". Rodi kuwa an ɗaure shi tsaf, a jere kamar haƙoran mataji. Baba ya tsaya ya canza gilashi zuwa mai faɗi domin rufin ya shiga duka, ana ta juye buhunan siminti a gefensa. Gamagama ya gyara hula ya tsaya a tsakiyar rodin.

"Baba, fara da ni, a san wanda ya yi aikin."

"Tsaya haka."

Ya ɗauke shi, ya ɗauki kusurwa biyu, sai batir ya mutu. Sauran suna cikin jaka a jikin babur, babur kuma yana can bayan katanga ƙarƙashin inuwa. Ya sauka bai ce wa kowa komai ba. A can ya tarar kyamarar ta ɗau zafi, ya zauna ya jira ta huce. Gamagama ya ga ya fita ƙofa bai dawo ba, ya ɗauka tafiya ce.

Da Baba ya sake hawowa, ya iske mutum huɗu a tsugune suna kwance waya, suna zare rodi ɗaya su bar ɗaya, ana miƙa wa wasu a ƙasa. A ɗaya gefen har an fara zuba kankare a inda aka zare. Bai kai kyamara ido ba. Ya karkato allon, ya bar ta a ƙirjinsa, yatsansa yana aiki. Gamagama ya juyo ya gan shi. Ya kasa kunne yana jiran tari. Bai ji komai ba sai ƙarar injin kwaɓa.

"Baba, ashe kana nan. Gyara muke yi, an ɗaure wasu a karkace."

"Na gani," in ji Baba. Ya sauka.

Ya kai hotunan ofis a ranar. Gamagama ba ƙaramin mutum ba ne a wurin, yana da masu jin maganarsa. Kafin mako ya zagayo labari ya juye: wai tsufa ya kama Baba, wai ya tsinto hotunan wani gini a waya ya liƙa wa bawan Allah don an taɓa samun saɓani. Aka kafa kwamiti, kuma a takardar gayyata Baba ne wanda ake tuhuma. Idan aka same shi da ƙarya za a kore shi saura 'yan watanni, kuma duk hoton da ya ɗauka cikin shekara talatin ya zama abin shakka. Abokan aiki suka ba shi shawara ya ce kuskure ya yi, a rufe magana ya fita da mutuncinsa. Matarsa ta ga ya daina taɓa hankicin nan na safe.

"Yau ma ba za ka goge ta ba?"

"Ba zan goge ba. Akwai baƙo a ciki, sai ya yi magana tukuna."

Shugabar kwamitin wata injiniya ce mai furfura, ba ta da yawan dariya. Ta sa aka haska hotunan a bango. A hotunan zare rodin ba a ganin fuskar Gamagama, sai bayan masu zarewa da sararin sama. Ya miƙe da ƙarfin gwiwarsa.

"Ranki ya daɗe, ina tsaye a gabansa. Shekara nawa muna aiki da Baba, wa bai san tarin kyamararsa ba? Wallahi ba ta yi tari ba."

"Yi mini magana a hankali, ban ji ba," in ji Baba.

"Na ce ba ta yi tari ba."

"To tun da ka miƙe na ɗauke ka sau tara." Ya juya allon ya miƙa wa shugabar. Ga Gamagama nan baki buɗe, yatsa a sama. Wani a ƙarshen teburin ya rufe fuska da takarda.

Gamagama bai saduda ba. Ya ce to ko da tana ɗauka shiru, wa ya ce wannan rufin nasa ne? Rodi ai duk kamarsu ɗaya. Baba ya roƙi a dawo da hoton farko, wanda mutumin ya gyara hula ya tsaya. Ya tambaye shi ko ya yarda wannan shi ne, a kan rufinsa, a ranar. Ya ce ƙwarai. Baba ya taka zuwa bango ya sa yatsa a sararin sama, dab da saman hular.

"Ranki ya daɗe, kin ga wannan ɗan baƙin ɗigo kamar ƙuda? Ƙurar simintinsa ce, ta faɗa mini ciki da na canza gilashi a safiyar. Duba hotunan da na ɗauka kafin ranar, babu shi. Yanzu a wuce gaba."

Aka wuce. Hoto bayan hoto, ƙudan yana nan a wurinsa bai motsa ba, a saman hular Gamagama, a saman masu zare rodi, har a kan farin bangon ɗakin kwamitin cikin hotuna taran da aka ɗauka yanzu. Shugabar ta cire tabarau ta ce, "Gardama ta ƙare. A kawo guduma." Washegari aka fasa kusurwa ɗaya ta rufin a gaban kowa. Inda takarda ta ce rodi goma, biyar aka samu.

Baba, kai ne ka nuna mana cewa gaskiya ba sai ta yi tari ake sanin tana ɗaki ba. Kai ne ka san kayan aikinka ciki da waje, har aibinsa ya tsaya maka shaida ranar da mutane suka ja baya. An ba ka ƙofar fita cikin sauƙi da kalma ɗaya ta ƙarya, ka ƙi bi. Mai ido a ƙirji, wanda ba ya ɗaukar bango ta inda ya fi kyau, mun gode.

An rushe rufin an sake zuba shi, Baba yana tsaye da batura uku a aljihu har aka gama. Yau yara sun cika azuzuwan nan suna ihun karatu, ba wanda ya san sunansa a cikinsu, kuma bai nemi su sani ba. Ranar da ya ajiye aiki ya koma gida da kyamararsa, ya shimfiɗa hankici ya goge ƙudan. Yanzu jikoki yake ɗauka, su kuwa ba sa jin "tsaya haka", sai ya bi su da gudu, kafaɗa ba ta ciwo.

Masu aiki, kowa yana da tasa kyamarar: wani awo, wani allura, wani alƙalami. Ku san abin da ke hannunku, ku san inda yake gazawa, ku riƙe na biyu a aljihu. In kuka ga ana zare rodi, kada ku ce ba ruwanku don ɗanku ba ya ajin. Ɗan wani yana ciki.

Gamagama kuwa an kore shi daga aiki, an karɓe takardar izininsa ta gini, kuma alƙali ya ɗaure shi shekara uku.