Faifan Ruga a Layin Niƙa

Layin niƙa na fara lura da shi da na sauka daga babur a ƙauyenmu, can gaba da Maska. Injin Kawu yana bakin hanya, kuma tun ina ƙarama kwanukan gari da ƙoren ruga a jere suke a gabansa, kowa ya san na kowa. Wannan karon da na zo hutun makaranta, kwanuka ne zalla, babu ƙwarya ko ɗaya.

Inna ta gaya mini dalili tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ɓarayin daji sun kashe mutane a gona da damina, sai gari ya yanke cewa ba a yi wa Fulanin rugar bayan rafi niƙa, ba a sayar musu da gishiri, ba a sayen nononsu. Na ce ai ba su suka yi ba. Ta ce, "Kama bakinki. Duk jininsu ɗaya."

Da can da sunayensu ake kiransu. Yanzu "su" kawai ake cewa, wasu su ce "ɓerayen can".

Ƙawata da muka yi firamare a benci ɗaya 'yar rugar ce. Na same ta a bakin rafi, tafin hannunta duk ya farfashe saboda dakan masara a turmi. Na ce ta kawo in kai mata niƙa. Muka juye masarar a kwanonmu, ta rufe da faifanta don kada kaji su sa baki. Ba wadda ta yi tunanin faifan a cikinmu.

Ina ajiye kwanon a layi, Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ta ɗaga faifan da yatsan ƙafa. Matar nan, duk haihuwar da ta yi, uwar ƙawata ce ke kawo mata man shanu kyauta.

"Ke 'yar boko," ta ce, "yaushe gidanku suka fara saƙa baƙi da ja? Wannan hannun ruga ne."

Wata ta ce, "Hajiya, bar ta, surukai take ciyarwa a daji."

Aka kwashe da dariya. Kawu ya kashe inji, ya ɗauki kwanon ya kife. Kaji suka rufar wa masarar.

"Da ba 'yar ƙanwata ba ce ke," ya ce, "da yau kin ga yadda ake yi da infoma." Ya juya ga mazan da ke zaune kan benci. "Kun gani ko? Har 'ya'yanmu suke aike."

Wani ya ce, "Bari a yanke dawa. In gona ta yi fili, babu inda ko jaririnsu zai ɓuya."

Ba wanda ya ce subhanallahi. Sai ma wani dattijo da ke jan carbi ya tambaya wa zai gaji filin rugar, tunda ƙasar ta sha taki. Nan aka fara musu a kan iyaka. Ni kuwa ina tsaye riƙe da faifan, ina kallon gonar da ke bayansu. Dawar ta riga ta yi ja.

Ban koma wurin Inna ba. Na wuce ɗakin Kaka, mahaifiyar Kawu, wadda ko shi ba ya tsallake zaurenta sai da sallama. Tana gyaran gyaɗa. Na durƙusa, na ajiye faifan a gabanta. Ta dube shi, ta gane saƙar.

Muryata ba ta saba fita a gaban manya ba, amma na ce, "Kaka, ki aika ruga a kira ƙawata kafin a yanke dawa, ita da ƙannenta. Ki ce 'ya'yan riƙonki ne. Ki faɗa a gaban Kawu."